Danjar Tirela, Fitilar da Ba Ta Haska wa Mai Ita

A wani dare na hunturun bara na shiga motar haya daga Sakkwato zan je Tambuwal ɗaukar rahoto. Mun wuce Bodinga da Sifawa bayan sallar isha'i, hazo ya sauka, direbanmu kuma yana gudu irin na mai son ya sauke fasinja ya kwana a gida. Muna dab da Shagari sai na lura duhun da ke gabanmu ya fi na gefen hanya kauri. Kafin in gane ko mene ne, direba ya take birki iya ƙarfinsa, matan da ke kujerar baya suka ɗauki salati, ƙaurin taya ya cika motar. Da muka dawo hayyacinmu sai ga bayan tirela a gaban gilashinmu, tana tafiya a hankali da lodinta, babu ko ɗigon ja a jikinta.

A cikin garin Shagari tirelar ta tsaya wajen mai shayi, direbanmu ya bi ta da niyyar faɗa. Direban tirelar, dattijo mai furfura, ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Wallahi, ɗana, da munka taso tana kamawa." Ya kira yaron motarsa. Yaron ya hau bayan kan motar, ya kama wata waya ya girgiza ta sau biyu, sai ga jajayen fitilu sun kama tar. Mu bakwai ne a cikin motar hayar nan, kuma abin da ya kusa raba mu da duniya bai wuce filogin da ya saki ba.

Tun daga ranar nake bibiyar wannan waya. Abin da na fahimta shi ne, gyaranta yana da sauƙi kuma yana da arha, amma ana barin ta a lalace saboda wanda zai biya kuɗin gyaran daban, wanda zai mutu idan ba a gyara ba kuma daban. Duk maganin da bai kula da wannan rabuwar ba, ba zai yi nisa ba.

Hanyar da lodi ke kwana a kanta

Titin da ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Bodinga, Shagari, Dogon Daji da Tambuwal zuwa Jega, ya zarce Yawuri da Kwantagora, shi ne babbar ƙofar jihar zuwa kudu maso yammacin Nijeriya. Ta kansa simintin Kalambaina ke sauka, ta kansa shanu da awakin kasuwannin Illela da Achida ke tafiya Ibadan da Legas, haka albasa da gero da wake. Ta kansa kuma man fetur da gas da kayan masarufi ke hawowa. Yawancin manyan motocin nan da dare suke tafiya, saboda zafin kwalta da rana yana cin taya, dabbobi ma sun fi jure tafiyar sanyi.

Wannan titin dai shi ne titin unguwa ga mutanen Bodinga da Shagari. A kansa ɗan kabu-kabu ke mayar da mai jego gida, a kansa manomi ke dawowa daga fadama a kan babur, a kansa malamin makarantar da ke aiki a ƙaramar hukuma yake komawa birni bayan magariba. Da zarar an fita daga cikin gari babu fitilar titi. Abin da kawai zai gaya wa mai tahowa daga baya cewa akwai tan talatin na ƙarfe da siminti a gabansa shi ne ƙananan jajayen fitilun nan da muke kira danja.

Yadda wuta ke isa bayan tirela

Washegari, a hanyar dawowa, na sauka a Bodinga na zauna wajen wani mai wayarin da ke aiki a bakin titi. Na ce masa, "Malam, so nake ka nuna mini abin da ke kashe danjar tirela." Ya yi dariya ya ce, "Mutane na cewa ƙwai ya mutu. Sau da yawa ƙwan lahiya lau yake, wuta ta ba ta kai mai ba."

Ga yadda abin yake. Tirela mota biyu ce aka haɗa: kai, inda inji da batir da direba suke, sai bodi, wanda ba shi da wutar kansa ko kaɗan. Duk hasken da ke bayan bodi daga kai ake aro shi, ta wata igiyar waya guda ɗaya da ke rataye a tsakaninsu kusa da tiyo biyu na iskar birki. A cikin igiyar akwai ƙananan wayoyi bakwai, a bakinta kuma akwai filogi mai ƙafa bakwai da ke shiga soket. A tsarin da masana'antun Turai da Amurka ke bi, kowace waya da launinta: ja ta fitilar birki ce, rawaya ta siginar hagu, koriya ta siginar dama, baƙa da ruwan ƙasa na danja da fitilun gefe, shuɗiya ta ƙarin aiki. Ta bakwai fara ce, ita ce hanyar da wuta ke bi ta koma batir bayan ta gama aikinta. Masu sana'ar suna kiran ta atin.

Wannan igiya tana cikin wahala kullum. Duk kwanar da mota ta sha sai an ja ta an sake ta. Duk ramin da aka faɗa sai filogin ya motsa a cikin soket. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin ƙafafun, ruwan damina ya biyo baya ya kawo tsatsa, zafin bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40 ya busar da robar da ta lulluɓe wayoyin har ta tsage. A soket ɗin akwai murfi mai sifirin wanda aikinsa ya riƙe filogi kada ya zame. Idan murfin ya karye, filogin yakan zauna a wurinsa kamar lafiya lau, alhali ƙafafunsa sun daina taɓa juna da kyau. Irin wannan ne yaron motar Shagari ya girgiza.

Matsalar atin ta fi wuyar ganewa. Idan farar waya ta tsinke, wuta takan nemi wata hanyar komawa, sai ta bi ta farantin ƙarfen da bodi ke hawa a bayan kai. Farantin nan cike yake da giris da ƙasa, don haka wani lokaci wutar ta wuce, wani lokaci ta ƙi. Shi ya sa za ka ga danja tana ƙyaftawa a kan gargada, ko direba ya taka birki sigina ta kama, ko ya kunna sigina dukkan fitilun baya su riƙa dishewa tare. Duk wanda ya ga haka a bayan tirela, atin ne ke neman taimako.

Akwai kuma matsalar haɗa kai da bodin da ba a yi su domin juna ba. Motocin Turai da na Sin, irin su DAF da MAN da Howo, suna aiki da bolt 24, yayin da yawancin na Amurka irin su Mack ke aiki da bolt 12. Ƙwan bolt 12 a kan wutar 24 ƙonewa yake yi nan take, na 24 a kan wutar 12 kuma sai ya yi haske kamar garwashin da ke shirin mutuwa. Da yawa daga cikin bodin da ke kan hanyoyinmu a gida aka ƙera su, kuma sun ratsa hannun masu wayarin da dama, kowa ya yanke ya ƙulla yadda ya ga dama, ya naɗe da salatif ko da leda. Idan fis ya yi ta ƙonewa, maimakon a nemo inda waya ta taɓa ƙarfe, sai a cire shi a sa guntun waya a madadinsa. Daga nan an tashi daga haɗarin duhu an ƙara da haɗarin gobara, abin da ba wanda zai so ya tuna a jikin tankar mai.

Gyaran da ya nuna mini bai ɗauki rabin awa ba. A zare filogi, a kankare ƙafafun har su yi ƙyalli, a ɗan buɗe su don su kama soket da ƙarfi, a ɗaure ƙananan kusoshin da ke riƙe wayoyin, a shafa ɗan man da ke hana tsatsa. A sauya murfin da ya karye. A bi farar waya har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfe, a kankare fenti da tsatsar wurin, a ɗaure ta tamau. A rataye igiyar yadda ba za ta goga a ƙarfe ba. Kuɗin aikin da kayan gaba ɗaya bai kai na lita goma ta gas ba, a motar da ke shan ɗaruruwan litoci kafin ta isa Legas.

Lissafin daƙiƙa biyu

Mai karatu zai iya cewa, ai motar da ke baya tana da nata fitilun. Bari mu yi lissafi.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Fitilar gaba, idan an sauke ta saboda masu tahowa, ba ta haska fiye da mita 50 zuwa 60. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, a hanyar dare da ba a tsammanin komai, daƙiƙa ɗaya da rabi ba ta yi yawa ba. A cikinta mota ta riga ta ci mita 42. Birki mai kyau a kan busasshiyar kwalta yana buƙatar wasu mita 55 ko fiye kafin motar ta tsaya. Jimla kusan mita 100 ke nan, alhali direba bai ga komai ba sai da ya rage saura 60.

Ma'anar wannan ita ce, idan tirelar a tsaye take a kan titi babu danja, ƙaramar motar za ta same ta tana gudun kusan kilomita 80, komai ƙwarewar direba. Mu abin da ya cece mu, bayan kiyayewar Allah, shi ne tirelar tana tafiya. Idan tana gudun 30 mu muna 100, bambancin 70 ne, kuma tazarar da ake buƙata ta koma kusan mita 56. Da kyar ke nan, kuma da kyar ɗin muka sha. Danja mai aiki kuwa ana hango ta daga nisan ɗaruruwan mitoci, tun kafin a buƙaci birki.

Abin da ke ƙara munin irin wannan karo shi ne tsayin bodi. Gindin tirela yana daidai da gilashin gaban ƙaramar mota. Idan babu ƙarfen kariya a ƙasa, hancin motar, wanda aka ƙera don ya shanye bugu, wucewa yake yi ta ƙarƙashi, bugun ya sauka a kan fasinja. A watan Yunin 1967 wata fitacciyar 'yar fim ta Amurka, Jayne Mansfield, ta mutu a irin wannan haɗari da dare a jihar Luwiziyana, har yau kuma a can ana kiran ƙarfen kariyar da sunanta. Daga ƙarshen 1993 Amurka ta wajabta manna tef mai mayar da haske, ja da fari, a jikin sababbin tireloli. Binciken da hukumar kula da lafiyar hanyoyinsu ta fitar a 2001 ya nuna tef ɗin ya rage karo da tirela ta baya da ta gefe a cikin duhu da kashi 29 cikin ɗari. Tef ba ya buƙatar batir ko waya. Abin da yake buƙata kawai a goge masa ƙura.

Me ya sa ba a gyarawa?

Kowane sashe na babbar mota yana da mai yi masa kuka. Idan inji ya samu matsala mota ba ta tashi, mai mota ya yi asara, don haka a ranar ake gyara shi. Idan fitilar gaba ta mutu direba ba ya gani, shi da kansa zai tsaya. Danja ita kaɗai ce ba ta yi wa mai mota ko direba aikin komai. Lodi yana isa ko tana kamawa ko ba ta kamawa. Daga kujerarsa direba ba ya ganin ta, kuma a tsofaffin motoci babu alamar da za ta gaya masa ta mutu. Dattijon nan na Shagari ban ga alamar ƙarya a tare da shi ba. Tana iya yiwuwa ya yi tafiyar awa guda a cikin duhu bai sani ba.

Sai kuma tsarin kuɗi. A yawancin harkar, mai mota yana ba direba kuɗin hanya dunƙule: gas, abinci, tikitin ƙungiya, da abin da ake miƙawa a shingaye. Abin da ya rage shi ne ribar direba. Duk nairar da ya kashe a kan soket daga bakin iyalinsa ta fita. Mai mota kuwa yana birni, bai taɓa ganin bayan motarsa da dare ba.

Hukuma fa? An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, dokarta ta 2007 kuma ta lissafa laifin fitila cikin laifukan hanya, da tarar naira 2,000. A yau wannan kuɗin bai isa ya tsorata kowa ba. Ban da haka, yawancin sintiri da rana ake yin sa, lokacin da danja mai lafiya da matacciya kamarsu ɗaya. Laifi ne na dare, masu duba shi kuma ma'aikatan rana ne.

Masu motoci suna da tasu hujjar, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa gas ya yi tsada, kayan gyara na jabu sun cika kasuwa, ramukan hanya suna kashe ƙwai a tafiya ɗaya, ɓarayi kuma suna kwance fitilu a inda aka kwana. Suna cewa masu ƙananan motoci gudun ganganci suke yi. Duk gaskiya ne, kuma lissafin da na yi a sama ya tabbatar da na ƙarshen: wanda ke gudun 100 da sauƙaƙƙiyar fitila yana tafiya ne a kan abin da bai gani ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gangancin direban haya bai halatta a ajiye bango a tsakiyar titi ba tare da alama ba, kuma jaririn da ke goye a kujerar baya bai zaɓi gudun da ake yi da shi ba. Wanda ya iya sayen taya goma sha takwas ba zai ce soket ya gagare shi ba.

Akwai kuma masu rufe zancen da cewa kwana ne ya ƙare. Babu mai jayayya da ƙaddara. Sai dai babu mai motar da ke barin inji ba mai yana cewa ƙaddara za ta kai shi Legas. Tawakkalin da ke tashi a kan abin da ya shafi ran wani kawai, ya kwanta a kan abin da ya shafi aljihunmu, ya cancanci mu sake duba shi.

Inda ya kamata a tsare ƙofar

Tun da matsalar ta samo asali daga rabuwar mai biya da mai cutuwa, magani shi ne a sa danja ta zama abin da ke taɓa aljihun mai mota. Wurin da ya fi dacewa da haka shi ne inda ake lodi, domin a nan ne kawai jinkirin awa guda yake zama asara.

Akwai abin koyi a gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana da tsarin duba tankokin mai a depo kafin a ba su lodi. Babu abin da zai hana a faɗaɗa wannan tunani zuwa ƙofar masana'antar siminti, da kara, da kasuwannin albasa da hatsi. Ƙungiyoyin masu motoci da na direbobi, irin su NARTO da NURTW, sun riga suna da mutum a kowace tasha yana yankar tikiti. Wannan mutumin zai iya tsayawa a bayan mota minti biyu: direba ya kunna danja, ya taka birki, ya ba da siginar hagu da ta dama, yaron mota ya girgiza igiyar a ga ko wuta za ta ɗauke. Idan ta ɗauke, tikiti ya jira mai wayarin.

A kan hanya kuma, jami'in da ya tsayar da tirela da rana zai iya cewa a kunna fitilu kafin ya nemi takardu. Idan ba su kama ba, abin da ya fi tara amfani shi ne a hana motar wucewa sai an gyara. Bodinga da Shagari duka suna da masu wayarin a bakin titi. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu, waɗanda mutanensu ne ake kwasa zuwa asibiti, suna da dalilin da ya fi na kowa na zama da ƙungiyoyi da jami'an hanya a tsara wannan, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin hazo.

Masu motoci su ware kuɗin fitila daga kuɗin hanya, su ajiye ƙwai da fis da filogi na ko-ta-kwana a cikin kowace mota, su manna tef a baya da gefe. Dubawa sau ɗaya a wajen lodi ba ta isa ba, tun da filogi a hanya yake saki. Duk inda aka tsaya sallah ko shan shayi, yaron mota da ke zagayawa yana buga tayoyi ya ƙara da kallon danja, ya kuma sa tsumma ya goge ta.

A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin sabuwar babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri a Illela. Idan ta kammala za a samu kwalta mai santsi da gudu mai yawa, kuma tirelolin da za su hau ta su ne waɗannan da muke gani a yau, da igiyoyinsu. Kyan hanya ba zai rage mita 100 ɗin nan ba, sai dai ya ƙara yawan masu buƙatarta.

Rabonmu a ciki

Da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu ba su taɓa hawa kan tirela ba, amma suna da hannu a harkar. Wani ya zuba jari a mota ɗaya ko biyu, wani yana ɗaukar hayar mota ta kai masa taki ko siminti, wani yana sa hannu a kwangilar sufuri a ofis. Idan kana cikinsu, ka je ka tsaya a bayan motar da magariba kafin ta tashi, ka ce a kunna. Idan kai ne a sitiyari tsakanin Bodinga da Shagari da dare, ka tuna fitilarka mita 60 take ba ka, gudun da ya dace da wannan tazara kuma bai wuce kilomita 70 ba, a cikin hazo ma ƙasa da haka. Idan fasinja ne kai, ka yi wa direba magana tun kafin a bar tasha.

Idan kuma ka wuce tirela marar danja ka same ta a tsaye a gaba, ka daure ka tsaya ka gaya wa direban cikin mutunci. Zai yiwu bai sani ba. A daren nan na Shagari, bayan an gama ce-ce-ku-ce, dattijon ya sa yaronsa ya nemo guntuwar robar tiyub ya ɗaure filogin da soket ɗin, ya ce zai kai ta wajen mai wayarin idan ya isa Jega. Muka bar su a nan suna shan shayi, jajayen fitilun suna kunne a bayansu.